Saƙon Godiya: Sakamako Ya Fito

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, sakamako ya fito. Hoton ƙwaƙwalwa da na laka duk lafiya lau. Babu ƙari, babu alamar shanyewar ɓarin jiki, babu cutar nan mai cin rigar jijiyoyi wadda na ƙi ko ambatar sunanta duk tsawon wannan lokaci. Abin da likitan jijiyoyi ya gano shi ne sinadarin bitamin B12 ya yi ƙasa ƙwarai a jinina, kuma gwajin da aka yi wa ƙafafuna da ɗan lantarki ya nuna ƙarancin ya fara taɓa jijiyoyin. An riga an fara min allura. Kun sha tambaya, na sha ce muku "ana jira", to yau Allah Ya kawo ranar da nake da amsa.

Ba sai na maimaita labari ba, kun bi shi tun daga lokacin da tafin ƙafata ya sage har ya hau zuwa yatsun hannu. Ƙarfin maimaitawar ma babu. Tun da muka dawo daga wurin likita barci kawai nake yi, irin barcin da na manta akwai shi. Amma na ce ba zan bar wannan godiya ta kwana ba.

Wanda bai taɓa jiran sakamako ba ba zai san abin da dare yake yi wa mutum ba. Da rana akwai hayaniyar yara, akwai aiki, ana lallaɓawa. Da zarar gida ya yi tsit, sai in koma mai gadin jikina. In tashi in je gaban madubi in yi murmushi don in ga ko bakina ya karkace. In ɗaga hannuwa biyu in ga ko ɗaya zai faɗi. In mintsini ɗan yatsan ƙafa. In ɗauki waya in rubuta abin da nake ji a intanet, kuma duk abin da na rubuta, mafi munin cuta ce take fara fitowa. Daga nan sai fatar idona ta kama rawa, leɓɓana su ɗauki zugi, jiri ya kwashe ni, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, in ce shi ke nan, abin ya hau kai. Sai daga baya likita ya warware min cewa abu biyu ne suka haɗu. Sagewar ƙafa da rashin daidaiton tafiya na ƙarancin B12 ne. Zugin leɓe da jirin nan kuwa, yawancinsu daga numfashi ne: idan tsoro ya sa mutum yana haki da sauri, yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, sai yatsu da gefen baki su ɗauki zugi kamar ana soka allura, kai ya yi fayau. Rawar fatar ido kuma rashin barci kaɗai ya isa ya kawo ta. Ciwo yana haifar da fargaba, fargaba tana ƙara nata alamomin a kai, ni kuma a tsakiya ba ni da hanyar rarrabe su.

Akwai wadda nake so in fara da ita, ga shi ko sunanta ban sani ba. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar MRI ce, wadda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka da ita. Ranar hoton, aka sa na cire 'yan kunne, zobe, har da fil ɗin da ke kaina, aka yi ta tambayata ko akwai ƙarfe a jikina, domin na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Na kwanta, aka toshe min kunne, aka kifa min wani abu a kan fuska don kada kaina ya motsa, aka damƙa min 'yar ƙwallon roba aka ce in matsa idan ina son a tsaya. Gadon ya zura ni ciki. Na buɗe ido na ga rufin yana dab da hancina, sai ƙarar ta fara, bugu a kan bugu. Wallahi a lokacin kabari na tuna. Numfashina ya sarƙe, na matse ƙwallon nan da duk ƙarfina.

Ta fito da ni. Na san akwai layin mutane a waje, na shirya jin faɗa. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce, "Yaya, babu mai korar ki daga nan. Ba ke ce ta farko ba, maza ma suna fitowa da hawaye. Zauna ki huta." Ta koya min in ja numfashi a hankali ta hanci, in sake shi ta baki ya fi jan tsawo. Ta ce wannan karon in rufe ido tun kafin gadon ya motsa, ta ɗora min ɗan ƙyalle a kai. Sannan ta leƙa waje ta kira ƙanwata, ta yi mata tambayoyin ƙarfe kamar yadda ta yi min, ta sa ta cire komai, ta ba ta abin toshe kunne, ta ce ta tsaya a ƙarshen gadon ta riƙe ni. Yarinyar nan ta kama tafin ƙafata, ta manta shi ne wurin da ba ya ji. Na ce mata, "Auta, matso sama." Ta mayar da hannunta kan ƙwaurina, nan na ji ɗumin hannun mutum. Haka aka yi hoton, fiye da rabin awa, hannun bai ɗaga ba. Duk bayan wani ɗan lokaci sai in ji muryar ma'aikaciyar ta lasifika tana faɗa min saura minti nawa wannan ɓangaren ya ƙare, tana cewa ina ƙoƙari.

Da muka gama na kafe ta da ido, na ce ko ta ga wani abu. Ta ce, "Ni ɗauka ce aikina, karantawa ta likitan hoto ce. Don Allah kada ki je gida kina karanta fuskata, gajiya ce kawai a cikinta." Ta san abin da zan yi ke nan. Maganar nan ta cece ni daga darare masu yawa. Baiwar Allah, duk inda kike, Allah Ya jiɓinci lamarinki, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa ranar da kika shiga ƙunci ki samu mai zama kusa da ke. Allah Ya ji ƙan mahaifanki da suka yi miki wannan tarbiyya.

Auta, na san za ki ce me ya sa na ambace ki a bainar jama'a. Ki yi haƙuri, ba zan iya shiru ba. Kin bar karatunki kin tare a ɗakina, kin sha tashi tsakar dare kina ƙirga min numfashi har in lafa, ba ki taɓa cewa na dame ki ba. Allah Ya ba ki miji nagari, Ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki fiye da haka.

Abban yara, kai ma na san ba ka son wannan. Kai ne ka karɓe wayata kullum bayan isha'i ka ajiye a wurinka, na yi fushi, ka daure. Kai ne ka saya min ɗan littafi ka ce in riƙa rubuta abin da na ji sau ɗaya a yini, in rufe, kada in sake duba jikina sai gobe. Littafin nan shi likita ya karanta ya ga yadda abin ya faro daga ƙafa ya yi sama a ɓangarori biyu daidai wa daida. Na san kai ma ba ka barci, ina jin juyinka. Ba ka taɓa bari na ga tsoronka ba. Allah Ya saka maka da Aljanna Firdausi.

Inna, addu'arki ce. Kullum da asuba wayarki ce ta farko, ba kya tambayar jiki, sai dai ki ce, "Kin yi sallah? To Allah Yana nan." Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Maƙwabciyata da ta riƙa kwasar yara tare da nata duk ranar asibiti, abokan aikina da suka raba aikina a tsakaninsu ba tare da na roƙa ba, Kawu da ya yi ta kai mu yana dawo da mu, da waɗanda suka taimaka da abin hannunsu suka ce kada a faɗa: ban faɗa ba, amma Wanda kuka yi dominSa Ya sani.

Likitana kuma, godiyata gare shi ta musamman ce, saboda ya yarda da ni. Bai ce tunani ne kawai ba, bai kuma tsorata ni ba. Ya buga gwiwata da 'yar gudumarsa, ya ɗora wani ƙarfe mai rawa a ƙashin idon sawuna ya ce in faɗa masa idan na daina ji, ya sa na tsaya na rufe ido. Ya tambaye ni ko ina shan metformin na ciwon suga ko maganin olsa na dogon lokaci, domin dukansu suna iya rage B12. Ya sa aka gwada suga da maƙoƙo. Abin da ya fi taimakona shi ne ya lissafa min alamomin da idan na gani in taho nan take ko da tsakar dare ne: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu farat ɗaya, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke, ciwon kai mai tsanani da ya faɗo lokaci guda, ko in kasa riƙe fitsari. Ya ce abin da ba ya cikin waɗannan zai iya jiran ranar ganinsa. Tun daga nan na samu abin auna tsorona.

Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda na zuba ido ban gani ba, kuma jini ɗaya muke. Wasu nesa ce ta hana su, na fahimta. Wasu kuwa tsakaninmu ba nisa, ko kira babu. Wanda ya fi yi min ciwo shi ne saƙon da ya iso min ta bakin wani, wai in rage sa abu a rai, lafiyata ƙalau, son jiki ne. A lokacin ina dafa bango kafin in kai banɗaki. Ban riƙe kowa ba, zumunci ya fi ƙarfin wannan. Na dai ji, kuma ya yi zafi.

Ku da kuka turo min saƙo kuna cewa kuna jin irin abin da nake ji, don Allah kada ku ɗauki sakamakona ya zama naku. Sagewar ƙafa tana da dalilai da yawa, ciwon suga ma yana kan gaba. Kada ku sayi allurar B12 ku fara kafin a ɗebi jininku, domin tana iya ɓoye ƙarancin a gwaji. Kada kuma ku zauna da shi, saboda hanta tana ajiye wannan sinadari na shekaru, kafin alamu su bayyana abin ya daɗe yana tafiya, kuma jijiyar da ta daɗe a taɓe ba lalle ta dawo duka ba. Idan an ɗauki gwajinku, ku tambayi ranar da zai fito da wanda za ku nema idan ranar ta wuce. Ku samu mutum ɗaya da za ku iya tasa da dare.

Ni ma da sauran tafiya. Likita ya ce jijiya a hankali take warkewa, sai an yi watanni, kuma akwai wani gwajin jini da za a ƙara don a san ko cikina ne ba ya tsotsar sinadarin, in haka ne allurar za ta zama ta dindindin. Faɗuwar gaban ma ba ta tafi gaba ɗaya don takarda ta fito ba. Ya haɗa ni da mai ba da shawara kan damuwa, zan je, kuma na faɗa a nan ne don wadda take jin kunyar zuwa ta san ba ita kaɗai ba ce.

Ina roƙon ku wata addu'ar. A bencin jira na saba da wata mata, kusan duk zuwa muna haɗuwa, ita ce ma take ba ni baki. Rana ɗaya muka karɓi sakamako, nata bai zo da sauƙi irin nawa ba. Ku sa ta a addu'a ita da 'ya'yanta. Ya Allah, Kai ne Mai warkarwa, babu waraka sai taKa. Ka ba ta lafiya, Ka sanyaya zuciyarta, Ka hore mata abin magani. Duk wanda yake kwance a daren nan idonsa biyu yana jiran takardar likita, Ka saukar masa da natsuwa, Ka sa ya ji alheri. Waɗanda suka tsaya min, Ka tsaya musu. Waɗanda ba su samu zuwa ba, Ka haɗa kanmu. Amin summa amin.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, sai dai ku kira Auta tukuna don yawanci ina barci. Saƙonnin da suka taru kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah Ya yarda.

Taku har kullum,
'Yar'uwarku.