Rufin gidan Rigachikun da tarar dala 160

Laifin nawa ne, gara in faɗa tun farko. A watan Afrilun 2024 hadari ya fara haɗuwa a gabas, ginin 'yata da mijinta a Rigachikun kuwa ya kai linta ya tsaya, ba rufi. Duk wanda ya san ruwan Kaduna ya san ba a barin bulo ya sha damina guda a buɗe. Na dame ta da waya safe da yamma, har ta turo dalar Kanada 4,000 aka sayi katako da kwano. Ban tambaye ta inda ta ciro ba. Na karɓa, na sa albarka, na kira kafinta.

Mamana nake ce mata, don sunan mahaifiyata ta ci. Nas ce a wani asibiti a Winifeg, babban birnin lardin Manitoba, tun 2021 suke can. Da suka zo hutun ƙarshen 2025, ran nan da daddare muna zaune a baranda, an ɗauke wuta, hunturu na kaɗawa, sai ta zaro wata takarda daga jaka ta haska min da fitilar waya tana dariya. Ta ce, "Baba, ga cikon kuɗin rufinka." Wasiƙa ce daga hukumar harajin Kanada, an ci ta tarar dala 160. A canjin lokacin ya haura naira dubu ɗari da hamsin.

Shekara ashirin da bakwai na yi ina aikin akanta a wata masaka a Kakuri kafin a rufe ta, don haka takarda mai lambobi ba ta ba ni tsoro. Na ce ta kawo duk takardunta. Dare huɗu muka yi a kai, mijinta yana gefe yana sa baki, mahaifiyarta tana leƙowa tana cewa mun mai da hutu ofis.

Ashe daga asusun da suke kira TFSA, wato asusun ajiya marar haraji, ta ciro kuɗin. Gwamnatin Kanada ta ƙirƙiro shi a 2009. Kuɗin da ka riga ka biya wa haraji kake zubawa, amma duk abin da ya haifa a ciki naka ne, ranar da ka cire ba wanda zai taɓa ko sisi. Sai dai an ƙayyade abin da za ka zuba. Kowace shekara ana ƙara maka gurbi: dala 6,000 a 2021, haka a 2022, sai 6,500 a 2023, sai 7,000 a 2024 da 2025. Gurbin da ba ka cike ba yana nan yana jiran ka. Wanda yake zaune a Kanada tun 2009 kuma ya cika shekara 18 a lokacin, nasa ya kai dala 102,000 zuwa 2025, kuma wannan adadin ne mutanenmu suke gani a intanet su ɗauka na kowa ne. Baƙo daga shekarar da ya zama mazaunin ƙasar ake fara ƙidaya masa. Na Mamana zuwa 2024 dala 25,500 ne, kuma ta cike shi taf, don yarinyar tun tana sakandare ba ta wasa da adashi.

Ga inda ta faɗa rami. Ta cire 4,000 a Afrilu, ta yi ta aikin dare ta tara, a Satumba ta mayar, a zatonta bashi ta ci wa kanta ta biya. Amma a ƙa'idarsu, abin da ka cire ba ya dawo maka a matsayin gurbi sai 1 ga Janairun shekara mai zuwa. Don haka 4,000 ɗin nan ta zama rara, rara kuwa kashi ɗaya cikin ɗari ake cin ta kowane wata. Dala 40 sau wata huɗu. Da ta ajiye kuɗin a asusun yau da kullum ta jira sabuwar shekara, da ba ta biya komai ba.

Abin da ya fi tarar ɓata min rai daban ne. Na duba takardar banki na ga shekara huɗu kuɗin yana kwance tsaba, ɗan kuɗin ruwan da ake ɗigo mata kuma cirewa take yi ta bayar, don ba ta son ya gauraya da nata. Sunan asusun ne ya ruɗe ta, don akwai kalmar ajiya a ciki. Alhali asusun rumbu ne kawai, kai ne za ka zaɓi hatsin da za ka zuba. Ana iya sayen hannun jarin kamfanoni a cikinsa, kuma a kasuwar hannun jari ta Kanada akwai jarin haɗaka da aka tace bisa Shari'a, ba bankunan ruwa a ciki, ba giya, ba caca. Ko a nan gida ai hukumar fansho ta PenCom ta buɗe wa ma'aikata asusun fansho marar ruwa tun 2021. To mene ne amfanin a yafe maka harajin riba in ba ka ci ribar ba? Na dai tuna mata cewa jari yana hawa yana sauka, kuɗin da za a buƙata baɗi ba a kai shi can. Mijinta ya ƙara da cewa haraji gwamnatin Kanada ta yafe, ba zakka ba. Na ce madalla da suruki.

A kan RRSP muka fi daɗewa, kuma a nan ne lissafi ya ƙaryata ni. Shi tsohon asusu ne, tun 1957, na tanadin tsufa. Abin da ka zuba ana cire shi daga kuɗin shigar da za a yi maka haraji a kai, amma ranar da ka ɗiba sai a ɗauke shi kamar albashi a caje ka. Wato jinkiri aka yi maka, ba yafiya ba. Gurbinsa kashi 18 ne cikin ɗari na abin da ka samu ta hanyar aiki bara, da iyakar dala 32,490 a 2025, kuma wanda yake da fansho a wurin aiki, irin Mamana, ana rage masa. Abin da ka cire a nan gurbinsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. A ƙarshen shekarar da mutum ya cika 71 dole ya rufe shi ko ya mai da shi asusun da zai riƙa biyan sa kaɗan-kaɗan.

Ni da na ga yadda haƙƙin ma'aikatan masaka ya narke a hannun wasu, da na ji an ce tanadin tsufa sai gabana ya faɗi. Na ce ta rabu da shi, musamman tunda wata rana gida za su dawo. Sai muka ɗauki biro. A matakin albashinta, in aka haɗa harajin tarayya na kashi 20.5 da na Manitoba na 12.75, kowace dala ta ƙarshe da ta samu ana ɗebe mata kusan kashi 33. Ke nan in ta zuba 1,000 a RRSP, kusan 330 za ta dawo mata bayan ta cike takardar haraji. In kuma ta bar Kanada ta dawo Kaduna sannan ta kwashe kuɗin, kashi 25 za a riƙe. Ta ci riba ko a haka. Mijinta kuwa, injiniya ne amma har yanzu yana fafutukar samun lasisin can, albashinsa yana matakin ƙasa inda harajin yake wajen kashi 25. Shi in ya zuba, abin da aka ba shi da dama ne za a karɓe da hagu, ga kuɗinsa a ɗaure. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma ita RRSP ya yi mata, shi TFSA ya fi masa, sai fa in wurin aikinsa sun ce duk abin da ya zuba za su ɗora nasu a kai, wannan ba a ƙin sa. Na kuma ja kunnensu cewa duk wannan rangwamen na Kanada ne, bai ɗaure hukumar harajin Najeriya ba.

Maganar dawowa ta shafi TFSA ma. Wanda ya bar ƙasar yana iya barin asusunsa a buɗe, jarin ya ci gaba da girma, ya cire lokacin da ya so. Amma gurbi ya daina ƙaruwa, kuma in ya kuskura ya zuba ko dala ɗari daga nan, kashi ɗaya ɗin nan ne zai bi shi wata-wata har sai ya kwashe.

Na yara bai ɗauke mu minti goma ba. RESP sunansa, na karatun gaba da sakandare. In ka zuba wa yaro dala 2,500 a shekara, gwamnati ta ɗora kashi 20, wato 500, har ya kai 7,200 a kan kowane yaro. Abokina, jikan nawa ɗan shekara uku da aka haifa a can, ba a buɗe masa ba. Na ce wannan sakaci ne, ba na son jin bayani.

Sai dare na huɗu. Mijin ne ya kawo maganar FHSA, a hankali, yana kallon ƙasa. Sabon asusu ne, a Afrilun 2023 aka fara shi, na masu son sayen gidansu na farko. Dala 8,000 a shekara, 40,000 gaba ɗaya. Ya haɗa daɗin biyun: in ka zuba a rage maka haraji, in ka cire don sayen gida ba haraji. Gurbinsa ba ya fara taruwa sai ka buɗe, kuma shekara 15 aka ba ka, in ba ka saya ba sai ka juye kuɗin cikin RRSP. Sharaɗinsa kada ka kasance ka zauna a gidan da kai ko matarka kuka mallaka a wannan shekarar ko shekaru huɗun da suka gabace ta, ko da gidan a wata ƙasa yake. Wani abokinsu da ya baro gidan kansa a Barnawa a 2022 sai 2027 zai iya buɗewa. Su kuwa haya suke yi a Unguwar Dosa kafin su tafi, gidan Rigachikun kuma ba su taɓa kwana a ciki ba, don haka hanya a buɗe take.

Na tambaya, ko da yake na riga na san amsar, ko ana iya ƙarasa ginin nan da kuɗin. Mamana ta ce, "A'a Baba, sai gidan da yake Kanada."

A matsayina na akanta ba ni da abin cewa. A cikin huɗun nan babu wanda ya kai shi garaɓasa ga mai albashi irin nata, kuma hayar da suke biya duk wata ta isa ta sa mutum tunani. Na ce su buɗe. Na ce ko dala ɗari ce su sa, don gurbi ya fara ƙidayuwa. Murya ta fita daidai, ina jin ba wanda ya lura da komai.

Sun koma a makon farko na Janairu. Bayan kwana goma ta kira ta ce ta zuba 2,500 ɗin Abokina, ta mai da kuɗin TFSA jari, FHSA ɗin ma an buɗe. Mahaifiyarta tana kusa tana tsince shinkafa, ta ji komai. Da na ajiye waya ta ce, "Malam, wannan na ƙarshen, na sayen gida ne a can ko?" Na ce eh. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, can ta ce in kira mai tayil ɗin nan ya je Rigachikun ranar Asabar ya auna falo da ɗakin yara.