Kiɗan da Ba Ya Jiran Dariya

Ƙannena masu sha'awar teyatur, wato wasan kwaikwayo, na ga da yawa daga cikinku kun fara haɗa wasan barkwanci da waƙa da rawa a dandamali ɗaya, kuma abin ya faranta mini rai. Ni ma na taɓa jagorantar wata 'yar ƙungiya a nan Tawa, mu 14, ɗalibai da teloli da wani mai gyaran babur, babu wanda ake biya ko dala. Wasanmu a kan wani ɗan ci-rani ne da ya dawo daga Abijan da ƙatuwar akwati wadda babu komai a cikinta sai tsummoki, ya shiga neman aure yana cika baki kamar wani hamshaƙin alhaji. Labarin ya dace da yankinmu na Adar, inda da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a ci-rani. Kiɗan ne ya kayar da mu a daren farko, kuma ni na zaɓe shi.

Saboda ina son a ce wasanmu na zamani ne, sai na kwashe kuɗin da muka tara na kai situdiyo, aka haɗa mana kiɗan waƙoƙi 6 a kwamfuta. Wata biyu muna gwaji a farfajiyar wata makaranta tsakanin la'asar da magariba, komai yana tafiya daidai, domin babu mai kallo sai awaki. A daren wasa kuwa, da uwar amarya ta buɗe akwatin a tsakiyar waƙa ta uku, ta zaro tsohon takalmi wari ɗaya, sai fili ya kaure da dariya. Na'ura ba ta san ana dariya ba. Angon namu ya rera baituka biyu mafi daɗi a cikin hayaniya, babu wanda ya ji. Da ya dakata domin a natsu, kiɗan ya wuce ya bar shi, 'yan amshi suka shigo a inda ba nasu ba, suna kallon juna. Ina tsaye a bayan labule, gumi yana keto mini, kuma babu abin da zan iya dannawa in gyara.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, domin na harshe ne. Na ari karin wata waƙar ƙetare na ɗora mata kalmomin Hausa da ƙarfin tsiya, na manta cewa a Hausa hawa da saukar murya da tsawon wasali su ne ke rarrabe ma'ana. A wani baiti ango yana cewa budurwarsa su haɗu a kuka, wato gindin itaciya, inda murya take sauka a gaɓar ƙarshe. Karin da na aro ya riƙe muryar a sama, sai jama'a suka ji ana gayyatar yarinya zuwa kukan hawaye. An yi dariya, amma mu aka yi wa.

Ba mu da uzuri, domin gabanmu akwai waɗanda suka share hanya. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ta gasar teyatur da waƙa da rawa da makaɗansu a gefe. Wanda ya kalli Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram a Télé Sahel ya san cewa rabin gwanintarsu sanin lokacin yin shiru ne. Ga kuma gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar. Duk wannan yana ƙofar gidana, na tsallake shi na tafi aro.

Bayan kwana uku na je wurin wani dattijo mai kiɗan kalangu na mahauta, na durƙusa na ce, "Baba, mun ji kunya, mun zo a taimake mu." Ya sa na rera masa baitin kuka sau biyu, sannan ya ce, "Ɗana, faɗi maganar da baki tukuna, kamar kana gaya wa mutum." Na faɗa, ya matse kalangu a hammata ya maimaita ta da kiɗa, hawa da sauka, sannan ya ce in bi shi da waƙa. Haka muka sake gina waƙoƙin baiti bayan baiti. Biyu daga ciki muka jefar gaba ɗaya, domin da aka faɗe su da baki sai muka ga ba su ƙara wa labarin komai ba, ado ne kawai, ga cin lokaci.

Saboda haka, idan za ku sa waƙa a wasan barkwanci, ku fara rubuta ta a matsayin magana, ku tabbata tana ciyar da labari gaba, sannan ku nemi karin da zai bi harshen. Ku sami makaɗi mai rai, ko da mai kalangu ɗaya ne da mai jita, ku zaunar da shi inda zai ga fuskokin 'yan wasa da na 'yan kallo. Kada ku hau dandamali sai kun gwada wasan a gaban mutane. Samarin majalisar hira guda da yaran unguwa sun isa su nuna muku inda dariya za ta faɗo. Batun izinin iyayen 'yan mata da sallamarsu kafin duhu kuwa, ku gama shi tun ranar farko.

A wasanmu na biyu, da takalmin ya fito daga akwati, Baba ya sassauta hannu yana ɗan taɓa fatar a hankali, idonsa a kan jama'a, har dariya ta lafa, sannan ya doka sau biyu, ango ya shigo da baitinsa, na can baya ma suka ji. Ladan da muka ba shi a daren bai kai rubu'in abin da na kashe a situdiyo ba.