Wasiƙa ta uku

Ƙarfe 11:59 na daren 15 ga Disamba a gabashin Amurka, ƙarfe 5:59 ne na safiyar 16 a nan Gombe. Na dawo daga masallaci cikin hunturun 2023, na zauna a bakin katifa a ɗakina na Tumfure ina ta sabunta shafin neman gurbin karatun kemikal fiziks a jami'o'in Amurka, wanda ranar ce za a rufe shi. Cikin wasiƙun shaida uku da ake buƙata daga malamai, biyu sun shiga. Ta ukun shiru. Haka lokacin ya wuce ina kallo.

Sauran abubuwan ba su ba ni wuya sosai ba. TOEFL, jarrabawar Turanci, na rubuta a Abuja, GRE kuwa, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, makarantu da yawa sun sassauta ta tun zamanin korona. Kuɗin fom ne ya ɗan gasa ni, don dala ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage, katin naira kuma a lokacin ba ya biya a waje, sai da wani abokina ya biya min na makarantu uku. Kuɗin da na tara na koyarwa a sakandare ke nan, har da kaso na adashin Inna.

Kuskurena wajen zaɓen masu shaida ne. Na ɗauka girman suna ake dubawa, sai na tsallake malamin da ya kula da aikina na digiri na biyu, na tafi wurin Farfesa. Shi malamin nawa matashi ne, bai jima da zama Dakta ba. Shi ya ɗora min ORCA, manhajar lissafin kemistri, a kwamfuta saboda kyauta ce, takwararta Gaussian kuwa sai da lasisi. Shi ya zauna da ni muka bi DFT, wata hanyar lissafa halayyar ƙwayoyin sinadarai, tun daga hujjar Hohenberg da Kohn ta 1964, ranar da wuta ta ɗauke lissafin kwana biyu ya lalace ma muna tare. Farfesa fa? Aji ɗaya ya koyar da mu, mu fiye da ɗari.

Na je ofishinsa na durƙusa. Ya ce, "Ba damuwa, yarona, turo kawai." Na ce, "Ranka ya daɗe, su za su aiko da saƙo ta imel, a nan za a ɗora." Ya ce ya gane. Sau huɗu na tuna masa, na biyar kunya ta hana ni, don babba ba a matsa masa. Wannan kunyar ta ci min shekara guda. Ashe saƙon yana kwance a akwatin tarkace na wani tsohon imel da ya daina buɗewa, kuma ni na rubuta adireshin da hannuna daga wata tsohuwar takarda. Makaranta ɗaya ta ƙara min mako guda, a makon ya yi tafiya.

Abin da ya fi ƙona min rai daga baya shi ne, ko da wasiƙar ta shiga, me zai ce? Kemikal fiziks ba fizikal kemistri da muka saba ba ne, ko da yake sunayen sun yi kama. Nauyinsa yana ɓangaren fiziks, shi ya sa a wurare irin su Jami'ar Maryland sashen fiziks da na kemistri ke haɗuwa su gudanar da shi. Mai digirin kemistri irina, tambayar da ke ransu ɗaya ce: zai iya ɗaukar kwantum, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyin zarra, da lissafin matiriks da na difarenshiyal? Takardar sakamakona ba ta amsa wannan ba, darasin lissafi uku ne kacal a ciki. Wanda zai amsa shi ne wanda ya ga ina warware lissafin Schrödinger, ginshiƙin kwantum, a kan allo. Shi kuma na tsallake.

A 2024 na koma wurin malamina da kaina a ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Ai na ji labari." Tun watan Oktoba na saka sunansa, da imel ɗinsa na jami'a, na kuma amince ba zan ga abin da ya rubuta ba, don sun fi yarda da irin wannan wasiƙar. Na tsaya a ofishinsa har saƙon ya shigo wayarsa. Kwana tara ya ɗora. A hirar da muka yi ta Zoom a watan Fabrairu, matar da za ta kula da ni ta tambaye ni labarin lissafin nan da wuta ta lalata. Ni ban rubuta shi a ko'ina ba.

Farfesa mun haɗu a wani ɗaurin aure a Jekadafari. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yarona, wasiƙar nan tawa ta yi aiki ko?" Na ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."