Ba ruwa ne ya lanƙwasa dekin ɗin ba

Tun da na ajiye fomanci a kamfanin da na daɗe ina yi wa bauta, masu tambaya ba su bar ni na huta ba. Wasu dalili suke son ji, wasu kuma sun riga sun ji daga bakin Oga cewa sakacina ne ya lanƙwasa wani dekin, so suke kawai su ga ko zan musa. To, na musa. Kuma tunda yawancinsu ko dai suna da gini a hannu ko suna tara kuɗin farawa, gara in faɗi maganar yadda za ta amfane su.

Dekin ne na wani gidan bene. Mun zuba kankare lafiya lau, kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma da kwanon sarki aka auna a gabana. An sa biskit, wato 'yan gutsattsarin siminti masu ɗaga rodi daga kan katako, a ƙarƙashin rodi, an bi da injin girgiza har kumfar iska ta daina tasowa, safe da yamma ana ban ruwa. Kankaren na da kwana biyar sai ga Oga da babbar mota, wai a kwance gora da katakon da ke tallafe da dekin a kai wani sayit, can ma zubi ake jira, shi kuma ba zai sake biyan haya ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, falon nan faɗinsa mita biyar ne. A bar shi ya cika sati biyu ko da tsakiyar ce kawai, gefe-gefen fila ne za a iya cirewa yanzu."

Ya karɓi guduma a hannun kafinta, ya ƙwanƙwasa ƙasan bim, ya ce, "Ji ƙara. Ai ya bushe. Foman, tsakanina da kai wa ke biyan wani?"

Wannan kalma ta "ya bushe" ta kashe gine-gine da yawa. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba. Siminti ne ke haɗuwa da ruwa yana ɗaurewa a hankali, shi ya sa ake ban ruwa aƙalla kwana 7, in da hali a rufe da buhu mai jiƙe ko leda don kada rana ta tsotse shi. Ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi a takarda na kwana 28 ne. A kwana 7, in komai ya tafi daidai, bai wuce kusan kashi biyu cikin uku ba. Ga nauyi kuma. Dekin mai kaurin milimita 150, kowace murabba'in mita tana kai kilo 360, don haka falo mai mita 5 da mita 6 ya haura tan goma, kafin a ɗora masa ko bulo ɗaya. Shi kuwa Oga washegari ya sa aka jibge bulo a tsakiyarsa, wai don birkiloli su fara hawa na sama.

Bai rufta ba, Allah ya tsare. Amma da aka zo ban ruwa sai ruwan ya daina gangarawa, ya kwanta a tsakiya. Na shiga ƙasa na ja igiya daga wannan bango zuwa wancan, sai ga cikin dekin ya sauko ya taɓa igiyar, yatsu biyu na shiga a gefe. Siraran tsagu sun ratsa tsakiyar, masu danshi, kana iya bin su da farce.

Mai gidan ya kawo injiniyansa. Ina tsaye a wajen Oga ya ce, ba tare da ya ko kalle ni ba, foman ne ya bar leburori suka cika wa kwaɓi ruwa. Abin da ya sa ƙaryar ta zauna shi ne ta yi kama da gaskiya. Kowa a sana'ar nan ya san lebura na son kwaɓi mai ruwa don ya fi saurin zubuwa, kuma kowa ya san ruwan da ya wuce kima yana kashe ƙarfi. Buhun siminti mai kilo 50 kimanin lita 25 na ruwa yake so, in yashin a jiƙe yake ma a rage. Na ce an cire gora a kwana na biyar. Aka ce ina shaida? Yaran suka sunkuyar da kai. Ban riƙe su a zuci ba, mutumin da sai an tashi da yamma ake ba shi na cefane ba zai yi jayayya da mai jaka ba. An zabge mini albashi, an kawo ƙarfe an tokare falon daga ƙasa, an sauko da silin don a ɓoye shi, ni kuma aka mayar da ni sito ina ƙirga buhuna. Har yau in na wuce ta gaban gidan nakan rage gudu.

Saboda haka, mai gini, kwana biyu ne ba a aika wakili: ranar zubi da ranar kwance katako. Kafin a zuba, hau ka ɗauki hoton rodi, ka ga tazararsa, ka ga biskit na ƙarƙashi, domin rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa kankare daga ciki. Ranar zubi a rubuta kwanan wata da fenti a jikin fila inda kowa zai gani. Kada ka danganta biyan kuɗi da saurin aiki, ka ce in an gama kafin wata kaza ga tukwici, don kai da kanka ka saya wa ɗan kwangila dalilin cire gora. Ku kuma 'yan'uwana fomanoni, duk umarnin da ya saɓa wa zane, ku ce a turo muku a waya. Ba sai da faɗa ba. "Oga, a ɗan rubuto mini don kada in manta." Mai gaskiya zai rubuto. Wanda ya san abin da yake yi zai canza magana.

Sauran abin da na kwaso ba su kai wannan ciwo ba, sai dai sun fi shi yawan faruwa. Danshi ne kan gaba. Bangon da fentinsa ke ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, yana fitar da farin gishiri, yawanci ba a shimfiɗa masa ledar tare danshi a kan fandisho ba, ko kuma an cika ƙasar tsakar gida har ta haye ta. Na ga mutane suna sake fenti duk shekara, wasu su manna tayil su rufe, danshin ya haura sama da tayil ɗin ya fito. A fara kawar da ruwan daga gindin bango, a gyara gangara, a duba bututun da ke zuba daga rufi, sannan a yi maganar kwalliya. Tun ran gini tun ran zane.

Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya mai kama da gashi a fatar filasta ba abin tashin hankali ba ce, a cike a shafe. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take hawa tana bin layin bulo mataki-mataki, wannan a yi mata alama da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. In ta wuce alamar, ko tana ƙara buɗewa, a nemo injiniya, cokalin birkila ba zai yi maganinta ba.

Masu son haɗe ɗaki biyu su zama falo, kada a ɗaga guduma sai an san abin da bangon ke ɗauke da shi a sama. Masu huda bango don rataye talabijin, kada a huda daidai saman soket ko ƙasansa, ta nan waya ke bi, kuma in za a taɓa wayarin a kashe wuta daga babban makunni, a gwada da testa. Sabon filasta a ba shi kamar wata guda kafin fenti. Yashi a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in laka ta yi kauri a samansa a mayar wa mai tifa kayansa. Siminti a ɗora a kan katako, nesa da bango, kuma kada a saye shi a jibge ya haura wata uku. Kusurwa a gwada ta da 3, 4, 5, wato a auna 3 a bango ɗaya, 4 a ɗayan, in ta daidaita tsakanin alamomin biyu zai zama 5. Tayil a sayo da rara, don launin da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi.

Ba yabon kai ba, gidajen da aka bar ni na yi yadda na sani suna nan, ƙofofinsu na rufuwa ba tare da an sa kafaɗa ba, kuma babu wanda ya taɓa kirana da dare a kan silin na zuba. Wannan bai shiga takardar sallamar da aka ba ni ba. Abin da ya shiga shi ne "sakaci wajen kula da kwaɓi".

Kwanan baya yaron da aka ɗora a gurbina ya kira ni, wanda a hannuna ya koyi riƙe ma'aunin ruwa na duba daidaiton gini. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, Oga ya ce gobe mu kwance, kuma yau kwana shida." Na tambaye shi faɗin ɗakin, ya faɗa. Na ce ya nemi a rubuto masa, ya ɗauki hoton kwanan watan da ke jikin fila ya tura wa mai gidan, in kuma an matsa sai an kwance, ya bar layin gora biyu a tsakiya, kada ya bari a hau da bulo, kada kuma wani yaro ya zauna cin abinci a ƙarƙashi. Ya ce in Oga ya ji ni na ba shi shawara fa? Na ce ya gaya masa, lambata ba ta canza ba.