Godiya ga duk wanda ya tsaya mini, musamman Goggo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Makon jiya likitocina na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe suka duba hotuna da sakamakon gwaje-gwaje, suka ce a yanzu ba su ga alamar ciwon a jikina ba. An gama kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa ta jijiya, an yi aiki, an gama gashin na'ura. Abin da ya rage shi ne zuwa ganin likita a kai a kai na tsawon shekaru. Ga wanda bai sani ba, ko ya ji rabi a bakin mutane: kansar mama ce, ɓangaren hagu, kuma an cire maman. Na faɗa da bakina don masu son yi mini addu'a su san abin da za su roƙa.

Baban yara, Allah ya biya ka da Aljanna. Kai ne ka sayi ƙaramin littafi kana rubuta duk abin da likita ya faɗa, saboda ka lura ni da zarar na shiga ofishin kaina yake ɗaukewa. Kai ne ka koyi zubar da ruwan robar da aka saƙala mini bayan aiki, ba ka taɓa yamutsa fuska ba. Da wasu suka fara kawo maka zancen cewa macen da aka cire wa mama ta tashi daga aiki, na ji amsar da ka ba su, ko da yake ba ka san na ji ba.

Yaya, uwargidana, mutane suna ta mamaki wai abokiyar zama ce ke jinyata. Ni ban yi mamaki ba, don na san ki. Kin haɗa yarana da naki a ɗaki ɗaya, kin daina soya komai a gidan duk ranar da na dawo daga kemo saboda warin mai yana tayar mini da zuciya. Kunun gyaɗarki ne kaɗai yake zama a cikina a waɗannan kwanakin. Ranar da sumar kaina ta fara zuba a kan filo, ke kika rufe ƙofa kika aske mini sauran da hannunki, kika ɗaura mini ɗankwalinki. Ba ni da abin biyanki.

Hajiya surukata, malaman makarantarmu da suka ba ni ɗaukar adashe ba lokacina ba, matasan Jekadafari da suka je suka ba da jini lokacin da nawa ya yi ƙasa, matan Islamiyyarmu, mai Keke Napep ɗin layinmu da yake jirana ba ya ƙara kuɗi, 'yan uwanmu na Abuja da suka ba ni ɗaki duk tsawon lokacin gashi, nas-nas ɗin da suke lallaɓa jijiya idan ta ɓuya: Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa ku gani a mizani.

Akwai kuma waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba, ma'aikatan ɗakin gwaji. Kafin wannan jarrabawa na ɗauka kansar mama iri ɗaya ce, maganinta ma ɗaya. Ashe ba haka ba ne. Bayan an yanki 'yar tsoka daga kullutun an tabbatar kansa ce, sai aka sake yi mata wani gwajin da ake neman alamomi uku a jikin ƙwayoyin ciwon: ER, PR da HER2. Biyun farko suna nuna ko ciwon yana samun ƙarfin girma daga sinadaran jikin mace, estirojin da furojestaron. Idan haka ne, ƙwaya irin tamoxifen tana toshe masa hanya, kuma ana shan ta shekara 5 zuwa 10. HER2 kuwa wani furotin ne da yake yawaita a ciwon kusan mace 15 zuwa 20 cikin 100 masu wannan lalura, yana sa shi saurin yaɗuwa, amma akwai allurar trastuzumab da aka yi musamman dominsa, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a 1998.

Nawa sakamakon ya fito duka ukun babu. Likitoci suna ce masa tiripul negetif, kuma an fi ganinsa a mata masu ƙananan shekaru da matan Afirka ta Yamma. Wannan takarda guda ta tsare mu daga asara biyu. Wata maƙwabciyata, baiwar Allah mai zuciya ɗaya, ta kawo mini ragowar tamoxifen na yayarta, ta ce ita da shi ta samu sauƙi. Na gode mata har zuciya, amma da na sha da ba abin da zai yi mini, don ciwona ba shi da alamar da maganin yake kamawa. Shi kuma Baban yara har ya fara neman mai sayen filinsa na Tumfure saboda ya ji labarin tsadar allurar HER2, sai likita ya ce ba ta cikin maganina. Kuɗin suka tafi inda suke da amfani, wato kemo, har da wani da ake kira carboplatin. Don Allah duk wadda aka ce tana da wannan ciwo, ta tambayi likitanta sakamakon waɗannan alamomi uku, kuma kada ta karɓi maganin wata.

Yanzu na zo kan Goggo.

Ganin ban cika shekara 40 ba, ga kuma irin sakamakon da ya fito, wata likita ta zaunar da ni ta ɗauko farar takarda ta fara zana dangina. Wa ya taɓa yin kansa? A wane wuri? Yana da shekara nawa? Ta ce tana son na wajen uwa da na wajen uba duka. Na wajen Inna na san su, babu kowa. Baba kuwa ya rasu tun ina sakandare, kuma bai taɓa ba mu labarin mahaifiyarsa ba. Abin da muka tashi muka ji shi ne jifa aka yi mata. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san abin da ya faru, Goggo, yayar Baba da ke Dukku.

Wanda ya san kunyar tsofaffinmu na Fulani ya san ambaton sunan uwa ma nauyi ne, balle bayyana ciwon da ya kama ta a ƙirji. Yayana ne ya je. Goggo ta yi shiru ta sallame shi. Bayan kwanaki sai ga ta a mota da kanta, da sandarta, ta ce a kai ta wajen likitar. A gabana ta faɗi komai. Kakarmu ta rasu tana da ƙuruciya, tana goyon autarta, da ciwon da ya fara kamar ƙurji a mama ya fashe. Autar nan, ƙanwar su Baba, ta rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai, cikinta ya kumbura da ruwa tana ramewa. Wata 'yar baffansu ma ciwon mama ne ya kama ta. Goggo ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu gwargwadon tunawarta, likita tana rubutawa. Sannan ta faɗi abin da ya sa ni kuka: kishiyar kakarmu aka ɗora wa laifin, matar ta mutu da wannan zargi a kanta, kuma saboda shi gidaje biyu suka yanke zumunci tun kafin a haife ni.

Likitar ta ce ba za a iya tabbatar da ciwon waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba, amma jerin ya isa a yi mini gwajin gado. Aka ɗebi jinina aka aika Legas. Kuɗin ba kaɗan ba ne, adashen malamai ne ya biya. Bayan makonni sakamako ya dawo: ina da canji a ƙwayar halittar gado da ake kira BRCA1.

Ga yadda aka yi mini bayani. Kullum ƙwayoyin jikinmu suna rarrabuwa, kuma a wajen rarrabuwar rubutun halittar da ke cikinsu yana samun ɓaraka. BRCA1 da BRCA2 kamar teloli ne masu ɗinke wannan ɓaraka. Kowane mutum, mace ko namiji, yana da kowannensu guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji ɗaya a lalace yana rayuwa da ɗaya mai kyau. Idan shi ma ya samu matsala a wata ƙwaya ta mama ko ta ma'ajiyar ƙwan haihuwa, ɓaraka sai ta yi ta taruwa har ta zama kansa. A ƙididdigar Amurka, kusan mace 13 cikin 100 ke kamuwa da kansar mama a tsawon rayuwa, amma a masu canjin BRCA1 abin ya haura 60 cikin 100. Kansar ma'ajiyar ƙwai, wadda ba ta cika kama fiye da mace 1 ko 2 cikin 100 ba, a wajensu tana kaiwa 40 ko fiye. Namiji yana ɗauke da shi ya ba 'ya'yansa, kamar yadda Baba ya ba ni bai sani ba, kuma shi kansa haɗarin kansar mama da ta furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana ƙaruwa gare shi, musamman mai canjin BRCA2.

Goggo, ba ki karanta Facebook, amma na ce a karanta miki wannan. Abin da kika yi ya fi ƙarfin kyauta. Kin ajiye kunyar shekara da shekaru a gaban yarinyar da ba ta kai 'yarki ba, saboda ki tsare jikokin ɗan uwanki. Saboda maganarki likitoci suka canza tsarin kula da ni: ana sa ido sosai a kan ɗaya maman, mun fara shawarar cire ma'ajiyar ƙwai tunda na gama haihuwa, wanda ga masu BRCA1 ake ba da shawarar yi tsakanin shekara 35 zuwa 40, kuma an yi mini bayanin ƙwayar olaparib da aka yi don masu irin wannan canji, ko da yake tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Saboda maganarki kuma yayana ya je gidan jikokin waccan baiwar Allah da aka zarga, ya nemi gafara a madadinmu. Sun zo duba ni. Allah ya jiƙanta, ya wanke ta kamar yadda gaskiya ta wanke ta. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Goggo.

Ina kuma gode wa masu binciken da suka share shekaru a kan wannan. Wata masaniya Ba'amurkiya, Mary-Claire King, ita ce a 1990 ta nuna inda BRCA1 yake, bayan shekaru tana bin tarihin iyalan da ciwon ya yi ta maimaituwa a cikinsu, a lokacin da da yawa ba su yarda ana gadonsa ba. An kammala gano shi a 1994, BRCA2 kuma a 1995. Sai tamu ta gida, Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take aiki a Jami'ar Shikago. Binciken da ita da abokan aikinta suka fitar a 2018 ya duba mata 1,136 masu kansar mama a Ibadan, aka samu kusan 15 cikin 100 suna ɗauke da canjin gado, 7 cikin 100 a BRCA1. Wannan ya fi 5 zuwa 10 cikin 100 da aka saba ambata a duniya. Matan nan da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu suna cikin ciwo, ba su san ni ba, amma sakamakonsu yana cikin abin da ya sa likita a Gombe take tambayar dangi. Allah ya saka musu. Ni ma na faɗa wa likitocina, duk ranar da za a yi irin wannan bincike a arewa maso gabas, a fara da ni.

Akwai maganar da ta dawo kunnena, wai yanzu wa zai auri 'ya'yan gidanmu. Ta yi mini zafi fiye da allura. Ku ji da kyau. Kowane ɗa ko 'ya na mai wannan canji, rabi da rabi ne: ko ya gada ko bai gada ba. Cikin ƙannena biyu mata da aka gwada, ɗaya ba ta da shi, kuma 'ya'yanta ba za su same shi ta wajenta ba. Ɗayar tana da shi, lafiyarta ƙalau, an tsara mata hoton MRI da na mama duk shekara don ko wani abu zai taso a kama shi yana ƙarami. Wannan ba irin gwajin sikila ba ne da ake haɗa na saurayi da budurwa kafin ɗaurin aure, kuma likitoci ba sa yi wa yara sai sun kai shekara 18 sun zaɓa da kansu. Gidan da ya san tarihinsa ya fi gidan da bai sani ba aminci. Mafi yawan masu kansar mama ma ba gado suka yi ba, don haka rashin ta a dangi ba dalilin ƙin duba jiki ba ne. Na gode wa limamin masallacinmu da ya ja kunnen jama'a a kan wannan surutu ba tare da ya kama suna ba, da mijin ƙanwata da ya raka ta karɓar sakamako ya ce tare za su riƙa zuwa.

Ga matan da suka yi ta turo mini saƙo a ɓoye suna cewa sun ji kullutu suna tsoro: na amsa wa wasu, sauran ina tafe. Amsar dai ɗaya ce, ku je asibiti a wannan makon, ku tafi da wanda zai rubuta muku bayani. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya game da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu kansa, wanda ya shafi ta mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, don asibitinmu na Gombe yana cikin waɗanda aka fara da su. Kafin ku je, ku zauna da tsofaffin gida na ɓangarorin biyu ku yi tambaya.

Roƙona na ƙarshe, na bar mata da yawa a ɗakin kemo, wasu daga Nafada, wasu daga Kaltungo da Biu, waɗanda ake ɗage musu magani saboda jininsu ya yi ƙasa ba mai ba su. Matasan da suka ba ni jini, da duk mai lafiyar da zai iya, ku leƙa ma'ajiyar jini ta asibitin ku bayar ko ba ku san mai karɓa ba. Ku sa su a addu'a, ku sa ƙanwata, ku sa waɗanda muka fara tare Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya bar zumunci. Amin.