Ƙwallo ce ta kawo wa Olisadebe fasfo, ni kuma na fara da neman fasfon

Ranar Juma'a ce, 14 ga Yunin 2002. Mutane na shirin masallaci, mu kuwa muna cunkushe a wani gidan kallo a Tudun Wadan Kaduna, ana nuna wasan Poland da Amurka a gasar cin kofin duniya ta Koriya ta Kudu da Japan. Minti uku da take wasa sai wani baƙin mutum, shi kaɗai tilo a cikin Turawan Poland, ya jefa ƙwallo a ragar Amurka. Wani dattijo a bayana ya ce, "Kai, wannan ai ɗan Najeriya ne, haihuwar Warri." Emmanuel Olisadebe ke nan. Kwana biyu kafin nan Najeriya ta tashi canjaras da Ingila, ta tattaro kayanta da ƙwallo ɗaya tak, wadda Julius Aghahowa ya ci Suwidin.

Shekarata 17 a lokacin, ina buga lamba tara a ƙungiyar unguwa. A wannan zaman na ƙudurta a raina cewa idan rigar Najeriya ta yi mini nisa, akwai ƙasar da za ta ba ni tata. Wannan tunanin shi ya ci filin mahaifiyata, ya ci gwiwata. Shi ya sa nake rubuto muku wannan, ƙannena masu tashi da asuba zuwa tirenin.

Ƙarshen labarin Olisadebe na gani a talabijin, ban tsaya na tambayi farkonsa ba. Mutumin nan a gida ya fara, a Jasper United ta Onitsha, yana buga gasar Najeriya, yana cin ƙwallaye a gaban jama'a. A 1997 ya tafi Poland ya shiga Polonia ta birnin Warsaw. Shekara uku ya yi a can yana fama da sanyin da ke daskarar da ruwa, da harshen da bai sani ba, da 'yan kallon da ke yi masa kukan biri suna jifansa da ayaba. Bai gudu ba. A 2000 Polonia ta ɗauki kofin gasar ƙasar, abin da rabonta da shi tun 1946, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauko shi da ƙafarsu.

Sai bayan nan aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, kuma ba shi ya je yana roƙo ba. Jerzy Engel, wanda ya san shi tun a Polonia, ya zama kocin ƙasar a farkon 2000, ya duba ya ga ba shi da mai cin ƙwallo. Shi ya dage sai an ba yaron takarda, har Shugaba Aleksander Kwasniewski ya sa hannu a wannan shekarar. Najeriya kuwa ba ta taɓa kiransa ba, don a lokacin ga Kanu, ga Ikpeba, ga Tijjani Babangida namu na Kaduna, ga Aghahowa yana tasowa.

Ya kuma biya su alherinsu. A wasan farko na share fagen kofin duniya, a watan Satumban 2000, ya ci Yukiren biyu a gidanta, aka tashi 3 da 1, alhali Shevchenko, gwarzon ɗan wasan Yukiren, na cikin fili. Ya je Oslo ya ci Norway biyu. Ƙwallo 8 ya ci a wasannin share fagen nan, Poland ta samu gurbi a karon farko tun 1986. Ina faɗar wannan dalla-dalla ne don ku ga yadda abin ya jeru: gumi a gida, gumi a kulob, kofi, sannan fasfo. Ni daga wutsiya na kamo shi.

A 2006 na samu shiga wata ƙungiya mai buga ƙaramin rukuni na ƙasa. Albashin bai taka kara ya karya ba, wani watan ma ba ya zuwa, amma na fara samun riga, na ci ƙwallo biyar a zagayen farko. Sai ga wani dillali ya zo filinmu da jaka da hotunansa tare da Turawa. Ya ja ni gefe ya ce akwai wata ƙasa da ke neman 'yan wasan gaba ruwa a jallo, in na je wata shida za su ba ni fasfo, in sa rigar ƙasa. Har sunan Olisadebe ya ambata. Kamar ya shiga zuciyata ya karanto.

Na je na faɗa wa kocinmu. Ya ce, "Yaro, wace ƙungiya ce ta aiko da takarda?" Na ce, "Koci, sai mun isa can za a san ƙungiyar." Ya ce, "To ka bari a gama kakar nan. Ka ci goma sha biyar a rubuce, mai nemanka zai zo da kansa." Na fita ina cewa hassada ce. Ku yi hattara da wannan kalmar, ƙannena. Ranar da ka fara kiran duk mai yi maka tambaya mahassadi, ka riga ka rufe ƙofar da gaskiya za ta shigo maka.

Da na yi tambaya ɗaya a ofishin hukumar ƙwallo ta jiha, da na ji abin da kowa a harkar ya sani. Tun 2004, bayan da Katar ta nemi ta bai wa Ailton ɗan Burazil takardar ɗan ƙasa, lokacin yana kan ganiyarsa a ƙungiyar Werder Bremen ta Jamus, FIFA ta toshe wannan hanyar. Ta ce wanda ba a haife shi a ƙasa ba, ba shi da uwa ko uba ko kaka a cikinta, sai ya zauna shekara biyu kafin ya buga mata. A 2008 aka mayar da shi shekara biyar. Wato alƙawarin wata shida da aka yi mini matacce ne tun kafin a furta shi. Yanzu da waya a hannun kowa, ba ku da uzurin da ni ma ban da shi a wancan lokacin.

Kuɗin da dillalin ya yanka ba ni da ko kashi ɗaya cikin goma. Inna tana da wani fili da ta gada a bayan gari, shi take cewa za ta gina mana. Na yi kwana da kwanaki ina yi mata magiya. Daga ƙarshe ta ce, "Ɗan nan, in alheri ne Allah ya tabbatar. Amma ka gaya wa kawunka." Ban gaya masa ba, don na san zai hana. Aka sayar da filin a wulaƙance saboda gaggawa.

A Istanbul muka sauka, mu shida, da bizar yawon buɗe ido. Wai daga nan za a wuce da mu. Ya karɓi fasfunanmu ya ce zai kai ofishin jakadanci, ya ajiye mu a ɗaki ɗaya a wani otal. Kwana tara bayan nan mai otal ya kawo mana fasfunan a cikin leda, ya ce mutuminku ya tafi, kuɗin ɗaki kuma ya ƙare. Ƙungiyar da ke sonka da gaske ita ke aiko da takardar gayyata mai ɗauke da sunanka, ita ke biyan kuɗin jirgi. Duk wanda ya ce kai za ka biya a gwada ka, kai ne kasuwarsa. Fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa.

A can na tarar da ɗaruruwan irina daga Najeriya da Gana da Kamaru da Gini, ana haɗuwa a wani fili ana buga wasa da fatan wani zai gani. Kunya ta hana ni dawowa. Bizata ta ƙare, na koma ɗaukar kaya a shagunan tufafi, in tashi in je fili da yunwa. A nan gwiwata ta hagu ta fara ciwo. Na ɗaure ta da bandeji na yi shiru, don ina tsoron a ce ga mai rauni. Na riƙa shan maganin kashe zafi ina bugawa, har ranar da na juya na ji ta yi ƙara, na faɗi ban iya tashi ba. Wanda ba shi da takardar zama ba ya zuwa asibiti da ƙarfin gwiwa. Da na dawo gida a 2008 likitan ƙashi ya ce jijiyar ta tsinke tuntuni, da an yi aiki da wuri da wata magana ce.

Gwiwar nan ita ce ta ƙara sa na fahimci Olisadebe. Shi da ya koma Panathinaikos ta Girka a 2001, ya ɗauki kofin gasa da na ƙalubale a 2004, yana hannun manyan likitoci, duk da haka ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa. Wasansa na ƙarshe a rigar Poland a 2004 ne, yana da shekara 25 kacal. Wasa 25, ƙwallo 11, shi ke nan. Da Poland ta sake zuwa kofin duniya a 2006 ba a tafi da shi ba. A farkon shekarar ya je Portsmouth ta Ingila, wasa biyu ya buga suka rabu. Sai da ya tafi Henan ta ƙasar Sin a 2008 ya sake samun kansa ya ci gaba da cin ƙwallaye. Ni wannan ɓangaren ya fi burge ni, domin ya nuna ba fasfon ke ciyar da shi ba, ƙafarsa ce. A raina kuma ban taɓa ganin laifinsa ba da ya amsa kiran Poland. Waɗanda suka san darajarsa ya bi.

Saboda haka ba cewa nake kada ku fita ba, ba kuma cewa nake sa rigar wata ƙasa abin kunya ba ne. Amma ka tambayi kanka me za ka nuna in an ce ka nuna. Kaka nawa ka buga cikakkiya? Sunanka yana cikin rajistar hukuma, da shekarunka na gaskiya? Akwai bidiyon wasanninka, cikakken wasa, ba yankan minti biyu ba? In ba ka kai 18 ba, dokar FIFA ma ta hana a ɗauke ka zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, don haka mai cewa zai fita da kai yana da abin da yake ɓoyewa. In an kawo kwantiragi, ka kai wa wanda ya iya karatu kuma ba ya cin komai a ciki. Ka kuma riƙe makaranta ko sana'a. Ni na bar aji biyar na sakandare saboda ƙwallo, sai da na kai shekara 24 na zauna koyon walda a ƙarƙashin yaron da na girma.

Abokin wasana da muke gaba tare, wanda na bari a ƙungiyar, ya gama kakar nan. Bai yi suna ba, bai taɓa hawa jirgi zuwa Turai ba, amma ya buga shekara tara a gasar gida, ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da kuɗin ƙwallo.

Ranar da na dawo, Inna ba ta ambaci filin ba. Ta dubi yadda nake ɗingishi ta ce, "Ka ci abinci?" Na yi niyyar saya mata wani, ina tarawa kaɗan-kaɗan, ban kai ba har Allah ya karɓi abarsa a 2014. Wanda ya sayi filin ya gina shaguna a kai. Ta gabansu nake wucewa duk Asabar da safe in zan je horar da yaran unguwa.