Yadda na kori bakteriyar da ke yi mini aiki

Ƙannena masu shigowa aikin tace ruwan ƙazanta, ga abin da ya ci ni a shekarata ta farko.

Amoniya ta ƙi sauka a ruwan da ke fita daga tankinmu, ni kuwa na ɗauka iska ce ta yi kaɗan. Sai na ƙure injin hura iska, ruwa yana ta tafarfasa kamar an ɗora shi a wuta, ina ta jin daɗi. A takarda ina da hujja, don kowane giram na naitirojin da ke cikin amoniya yana cin kusan giram 4.6 na oksijin kafin ya zama naitireti. Amma oksijin ɗin tankin ya riga ya kai miligiram 2 a lita, kuma wannan ya wadatar. Rarar da na ƙara ta bi bututun mayar da ruwa ta faɗa tankin da ba a son iska, inda wasu bakteriya ke juya naitireti ya zama iskar naitirojin ya tashi. Da suka sami oksijin a ɓagas, sai suka yi watsi da naitireti.

Babbar wautar ita ce ta laka, wadda a cikinta bakteriyar da ke cin amoniya suke zaune. Na ga ta yi kauri, na riƙa zubar da ita kullum, ashe ma'aikatan nake kora. Bakteriya irin su Nitrosomonas ba sa hayayyafa da sauri, balle in ruwa ya yi sanyi. Ku bar laka ta yi kamar kwana 10 a tanki, lokacin sanyi ma fiye da haka.

Wani dattijo a wurin ne ya tsoma ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya juyo mini da shi bai ce uffan ba. Awon ya sauka ƙasa da 6.5. Aikin juya amoniya da kansa yake tsamama ruwa, kuma cikin tsami ƙwayoyin sai su yi lakwas. Muka zuba farar ƙasa, muka rage iska, muka roƙo laka mai rai daga wata matatar ruwa da ke aiki lafiya. Wannan roƙon lakar shi ne abin da ya fi gaggauta mana aikin.

In an yi muku tallan anamoks, wata hanyar cire amoniya da wasu bakteriya daban, ku sani babban tankinsa na farko da aka kunna a birnin Rotadam na ƙasar Holan a 2002 ya haura shekara 3 kafin ya kankama, don ƙwayoyinsa kan ɗauki kusan kwana 11 kafin su ninka. Namu tankin na iska dai sai da muka yi makonni muna awo safe da yamma kafin amoniya ta sauka.